Dogon Hutu da Yara Ƙanana: A Shigar da Su Hidimar Gida

A yawancin jihohin Nijeriya ana rufe makarantun nazare da firamare a ƙarshen watan Yuli, ba a sake buɗe su sai cikin Satumba, wato yara kan yi mako shida ko bakwai a gida. A Jamhuriyar Nijar hutun ya fi haka tsawo, domin yakan kai wata uku, sai farkon Oktoba ake komawa aji. Tun ba a cinye makon farko ba za ka fara jin magana iri ɗaya a bakin iyaye mata, a gidan suna ko a layin asibiti: yaran nan sun ishe ni, Allah-Allah nake yi a koma makaranta. Ba na ganin laifin uwar da ta faɗi haka, musamman wadda take zaune a ɗaki biyu na gidan haya da yara huɗu, ga girki, ga wanki, ga 'yar sana'ar da take taɓawa, ga ruwan sama ya hana kowa fita. Gajiyarta ta gaskiya ce. Abin da yake damuna shi ne hanyoyi biyun da muka runguma har suka zama kamar babu ta uku: ko dai a biya kuɗin lesin a mayar da yaro aji, ko kuma a miƙa masa waya ya yi shiru.

A ganina, ga yaro ɗan shekara uku zuwa tara ko goma, hanyoyin nan biyu duk suna cinye masa lokacin da ya fi kowane daraja a shekararsa. Dogon hutu ne kaɗai lokacin da yaro yake wuni tare da mutanen gidansu, yana ganin yadda ake auna hatsi, yadda ake karɓar baƙo, yadda ake gyara abin da ya lalace, kuma yana da sararin yin tambaya a ba shi amsa. Abin da ya kamata mu nema shi ne yadda za mu shigar da shi cikin wannan hidima, mu ba shi aiki daidai ƙarfinsa, mu yi hira da shi, mu bar masa wurin wasa. Mun saba tambayar kanmu da me za mu ɗauke wa yaro hankali, kuma tun daga wannan tambaya muke ɓatan hanya, domin ta mayar da yaro wani mai hana ruwa gudu da ake neman inda za a ajiye shi har manya su gama abin da suke yi.

Masu goyon bayan lesin hutu suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa yaro yana manta karatu idan ya daɗe bai buɗe littafi ba, kuma haka ne. A shekarar 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, shi da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan dogon hutun ƙasarsu, suka gano cewa yaro kan koma makaranta ya yi asarar kimanin karatun wata guda, asarar ta fi yawa a lissafi, kuma a fannin iya karanta rubutu 'ya'yan marasa ƙarfi ne suka fi ja da baya. Halin da muke ciki ya fi nasu tsanani. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, kuma a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara adadin ya doshi kashi 90. Uban da ya ga ɗansa yana aji huɗu amma bai iya haɗa baƙi ba, idan ya ce ba zai bar shi ya yi zaman mako shida ba, babu mai cewa ya yi rashin tunani.

Sai dai a leƙa a ga abin da ake yi a yawancin ajujuwan lesin. Malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, su maimaita da ƙarfi, a tashi da azahar. Hanyar da ta kasa koya wa yaro karatu cikin wata tara ba za ta koya masa cikin mako huɗu ba. Sannan ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a makarantu masu zaman kansu da yawa lesin hutu hanya ce ta samun abin da za a ba malamai a watan da ba a karɓar kuɗin makaranta. Wannan matsala ce ta gaske, kuma malaman sun cancanci a biya su haƙƙinsu cikakke, amma ba daidai ba ne a ɗora ta a wuyan ɗan shekara huɗu. A kuma tuna cewa yaron Bahaushe dama ba ya samun cikakken hutu: boko ta rufe, amma Islamiyya tana nan da yamma, wasu ma sukan ƙara zaman safe da zarar an yi hutun boko, makarantar allo tana nan, sai Alhamis da Juma'a ake sararawa. Idan aka ɗora lesin a kan wannan, yaro zai koma aji a Satumba bai huta ba, bai kuma koyi wani abin da aji ba ya koyarwa ba. Na yarda da lesin ga ɗan aji shida mai shirin jarrabawar shiga sakandare, na kuma yarda da shi ga yaron da aka gano takamaiman rauninsa aka samo wanda zai zauna da shi, shi kaɗai ko cikin yara ƙalilan. Ban yarda da shi a matsayin wurin ajiyar yara ba.

Abin da yake riƙe karatun ƙaramin yaro bai kai lesin tsada ba. Minti ashirin ko talatin ne a kullum, a lokaci guda da kowa ya sani, wani babba ko yayansa ya zauna da shi, ya karanta masa, shi ma ya karanta, a tambaye shi abin da ya gane. Gaskiya ne littattafan yara na Hausa sun yi ƙaranci a kasuwa, kuma wannan abin kunya ne ga harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi, amma rubutu bai ƙare a gida ba. Akwai kalanda a bango, akwai kwalin ashana da na shayi, akwai allunan shaguna a kan hanyar zuwa masallaci. Yaro yana iya rubuta jerin kayan cefane, yana iya rubuta wa kakarsa wasiƙa, yana iya ba da labari babba ya rubuta masa kalma da kalma, sannan a miƙa masa ya karanta abin da ya fito daga bakinsa. Ina ba da shawarar a yi wannan da Hausa ba tare da jin kunya ba. Rubutun Hausa yana tafiya daidai da furuci, saboda haka yaro yana saurin gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da sauti, kuma wanda ya gane wannan a harshen da yake ji ya fi sauƙin ɗaukarsa zuwa Turanci. Makarantu da dama suna hukunta yaro idan ya yi Hausa a aji, to aƙalla gida ya zama inda harshensa yake da mutunci. Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da rabo a nan, domin tana iya saurare, ta yi tambaya, ta ce maimaita mini ban ji ba, kuma yaron da yake karanta wa mahaifiyarsa yana jin ya zama wani.

Waya ta fi lesin sauƙi, shi ya sa ta fi shi ban tsoro. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ta ce wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni, in an rage ma ya fi. Ta kuma ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a kullum. A gidaje da yawa an juya wannan lissafi a lokacin hutu. Wayar da ake miƙa wa yaron kuwa ta uwa ce ko ta uba, cike da rukunonin WhatsApp inda ake turo hotunan gawarwaki da bidiyon hare-hare, ga TikTok wanda su kansu masu shi suka ce ba na wanda bai kai shekara 13 ba ne, ga YouTube da yake sako wani bidiyo da zarar wani ya ƙare ba tare da ya tambayi kowa ba.

Duk da haka, ba abin da yaro yake gani ne ya fi tayar mini da hankali ba, shirun da yake yi ne. Yaro yana koyon harshe ta hanyar a yi masa magana ya mayar, ya yi kuskure a gyara masa, ya tambayi dalili a faɗa masa. Waya tana yi masa magana, amma ba ta jiran amsarsa. Za ka ga iyaye suna murna ɗansu yana kwaikwayon Turancin katun, alhali idan baƙo ya shigo bai san yadda zai durƙusa ya ce ina wuni ba, idan aka aike shi maƙwabta ba ya iya isar da saƙo mai jimla biyu. Ba ina kiran a haramta kallo ba ne, domin doka irin wannan ba ta kwana uku a gida. A ƙayyade lokaci, a zaɓi abin da za a kalla, babba ya zauna a kalla tare, a yi hira a kai bayan an kashe. Abin da ya fi wuya, kuma dole a faɗe shi, shi ne babban ma ya ajiye tasa wayar a wannan lokaci.

To da me za a cike wunin? Amsa ta farko tana cikin tsakar gida. Ƙaramin yaro yana son aiki, mu ne muke korarsa. Duk wanda ya taɓa yin shara a gaban ɗan shekara uku ya ga yadda yake kokawar karɓar tsintsiya, mu kuma sai mu ce matsa ka ba ni wuri, za ka ɓata mini aiki, saboda ya fi mana sauri mu yi da kanmu. Sai ya kai shekara goma sha biyu mu fara kukan ba ya taɓuka komai. A ranakun makaranta ana iya ba mu uzuri, tunda kowa sauri yake yi, amma a hutu akwai lokacin da za a bari aikin minti biyar ya ɗauki minti ashirin. Ɗan shekara huɗu yana iya jera takalma, ya watsa wa kaji tsaba, ya ɓare gyaɗa a gefen mahaifiyarsa. Ɗan shekara shida ko bakwai yana iya tsince shinkafa, ya yi tankaɗe, ya wanke kofuna, ya ninke kayansa. Wanda ya kai takwas ko tara ana iya aikensa shagon unguwa ya dawo ya yi bayanin canji, a koya masa ɗinke maɓalli da kwaɓin fulawa. Lissafin da ake tsoron ya manta yana nan cikin waɗannan ayyuka: gwangwani nawa ne yake cika mudu, idan mutum shida suna cin gwangwani huɗu na shinkafa, nawa za a ƙara in baƙi uku suka zo. Yaron da ya warware wannan da hatsi a hannunsa ya fahimci abin da za a rubuta masa a allo shekara biyu nan gaba.

Wannan aiki kuma na maza da mata ne. Mun daɗe muna barin yara maza suna kwance ko suna yawo, ƙannensu mata suna wanke-wanke, muna kiran hakan al'ada, wasu ma su jingina shi ga addini. Imam Bukhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, sai ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Yaron da bai iya dafa shayi ko wanke rigarsa ba, shi zai wahala ranar da ya tafi makarantar kwana, matarsa kuma ta wahala bayan nan.

Akwai iyaka a nan da ba na so a tsallake ta da sunan shawarata. Koya wa yaro aiki daban, mayar da shi ma'aikaci daban. A gidaje da yawa hutu yana nufin babbar 'ya, mai shekara tara ko goma, ta zama uwar ƙannenta daga asuba zuwa isha, ko kuma a ɗora mata farantin talla ta wuni a tasha da bakin titi cikin ruwa da mutanen da babu wanda ya san halinsu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta hana a sa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aiki, in ban da aiki mai sauƙi na gida ko gona a ƙarƙashin danginsa, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta hana talla a manyan titunan birni da hanyoyin mota. Na san talauci ne yake tura mafi yawan iyaye, kuma ba zan yi musu gori ba. Amma aikin da nake nufi shi ne wanda ake yi a gaban idon babba, yana da farko yana da ƙarshe, ana yaba wa yaro idan ya gama, sannan a sake shi ya je ya yi wasa.

Allah ya sa dogon hutunmu ya faɗo a tsakiyar damina, kuma ban san dalilin da ya sa 'yan birni muke barin wannan dama tana wucewa ba. Ba sai da gona ba. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, a huda ƙasansa, a cika shi da ƙasa da ɗan taki, ya isa. Wake yakan tsiro cikin 'yan kwanaki kaɗan, abin da ya dace da gajen haƙurin ɗan shekara huɗu. Alayyahu yana isa yanka cikin kamar wata guda, wato za a ci shi a miya kafin a koma makaranta. Kuɓewa tana ɗaukar kusan wata biyu kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka ta dace da babban yaro wanda zai iya jira. A ba kowane yaro buhunsa, ya rubuta sunansa a jiki, ya riƙa auna tsawon shukar da zare ko da taƙinsa duk Juma'a yana rubutawa a takarda. Zai tambayi dalilin da ya sa wadda take inuwa ta yi tsawo ta rame, zai ga tsutsa ta cinye ganye ya nemi sanin inda ta fito, wata shukar za ta mutu ya yi kuka, a gaya masa haka noma yake, a ba shi wani iri ya sake shukawa. Iyayensa ko kakanninsa manoma ne, kuma abin takaici ne a ce ya girma a ƙasar Hausa bai iya bambance ganyen gero da na dawa ba.

Wasa ma ba ya buƙatar a sayo shi. Dara ramuka ce a ƙasa da 'yan tsakuwa ko tsinke, kowane ɗan wasa yana da goma sha biyu yana neman jera uku, kuma tana koya wa yaro ya hango abin da abokin wasansa zai yi kafin ya motsa. Carafke tana haɗa ido da hannu da ƙirga. Langa da 'yar gala-gala suna ba jiki motsin da likitoci suke magana a kai, gaɗa kuma tana riƙe da waƙoƙin da babu wanda zai koya wa 'ya'yanmu mata idan iyayensu suka yi shiru. Bayan an ɗauke ruwa akwai yumɓu da jiƙaƙƙen yashi, akwai tuwon ƙasa, akwai motar da ake ƙerawa da gwangwani da tayar tsohon silifa. Uwar da ta girma tana yin waɗannan wasanni ita ce yau take hana 'yarta taɓa ƙasa don kada kaya su yi datti, alhali ana iya ware tsofaffin tufafi don wasa a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Ba kuma dole ne a cike wa yaro kowane lokaci ba. Idan ya ce ya gaji da zama, a bar shi da kwali da zare da murafun kwalba, ba za a daɗe ba zai ƙirƙiro abin yi, in dai bai san cewa kuka kaɗan zai sa a ba shi waya ba.

Da dare kuwa, musamman idan an ɗauke wuta, lokacin tatsuniya ne da kacici-kacici. Yaron da aka ce masa shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ya yi ta lalube har ya gano tsintsiya ce, ko ya gaza ya ba da gari, yana yin aikin tunani na gaske yana dariya. Labarin Gizo da Ƙoƙi yana koya masa bin zaren magana daga gatanan gatananku har zuwa ƙurunƙus, kuma idan aka ce gobe shi zai ba da nasa, zai wuni yana shirya shi. A da kakanni ne suke ɗauke da wannan nauyi, domin da an yi hutu ake tura yara ƙauye. Yau iyalai da yawa daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna ba sa iya tura yaro garinsu saboda masu garkuwa da mutane, waɗanda hanyarsu take lafiya kuma kuɗin mota ya fi ƙarfinsu tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Nauyin ya dawo kan iyaye. A nan waya tana da amfani na gaske: a kira kaka ta ba jikokinta tatsuniya, ko ta turo ta da murya a ajiye, domin abin da yake cikin kanta babu shi a wani wuri.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu zai zama ƙarin kaya a kan uwar da ta riga ta gaji, muddin maigida bai ɗauki rabonsa ba. A nan ne nake ganin babban giɓinmu. Uba ya fita da safe, ya dawo da magariba, ya ci tuwo, ya tafi majalisa sai yara sun yi barci, sannan ya ce a biya lesin don a huta da hayaniya. Neman abinci wajibi ne kuma yana da wahala, amma awa guda daga lokacin majalisa ba za ta rage wa kowa arziki ba. Mai shago yana iya tafiya da ɗan shekara bakwai wuni guda a mako ya ga yadda ake ciniki da yadda ake gaisawa da mutane. Kafinta, tela, makaniki da manomi duk suna da abin nunawa, kuma 'ya mace ma tana da haƙƙin ta san inda mahaifinta yake wuni. An ruwaito cewa Manzon Allah yana yin salla ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Babu uban da zai ce girmansa ya hana shi zama a tabarma ya buga dara da ɗansa.

Tsarin wuni ba ya buƙatar jadawali a bango, domin salloli biyar sun riga sun raba mana shi: aiki da hantsi, karatu kafin azahar, barci ko hutawa bayanta, Islamiyya ko wasa da la'asar, hira bayan isha. Abin kula kawai shi ne kada lokacin kwanciya ya zame har tsakar dare don babu makaranta gobe.

Dalilin da ya sa iyaye da yawa suke kulle yara a ɗaki da talabijin shi ne tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suke mutuwa a ruwa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk damina Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana ba da sanarwar yaran da aka ciro daga kududdufi ko rijiya, kuma ɗan tatata yana iya halaka a cikin baho ko bokitin da aka tara ruwan sama. Lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake tsananta, shi ya sa ake bi gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi da ake sha kwana uku, kuma ya kamata kowace uwa ta tabbatar an kammala na kwana ukun, a kuma kwana cikin gidan sauro. Maganin wannan tsoro shi ne ido, kuma idon mutum ɗaya ba ya isa. Muna cewa ɗa na kowa ne, to a mayar da maganar aiki: gidaje huɗu ko biyar da suka yarda da juna su yi karɓa-karɓa, yau yara suna gidan wance da hantsi ana kitso da saƙa, gobe suna gidan wane ana shuka, kowace uwa ta samu safiya uku ko huɗu ta numfasa. Sharaɗin shi ne a san wanda yake kula da su, a yi komai a fili a tsakar gida, a rufe rijiya, kuma a koya wa yaro ya faɗi duk abin da wani ya yi masa wanda bai ji daɗinsa ba.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin gida. Zaman yara a gida yana ƙara tsawo a 'yan shekarun nan: a 2020 annobar korona ta rufe makarantu fiye da wata shida, a 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu tsawon azumin Ramadan, ga kuma yankunan da rashin tsaro yake rufe su ba shiri. Duk da haka unguwanninmu suna ta rasa filayen wasa, ana yanka su ana gina shaguna, har ya zama yaro ba shi da inda zai yi gudu sai kan titi tsakanin babura. A lokacin korona jihohi da dama sun nuna cewa ana iya koyar da yara ta rediyo, kuma babu abin da zai hana gidajen rediyonmu su ware rabin awa kowace safiya a lokacin hutu don tatsuniya da kacici-kacici da karatun Hausa. Wurare irin su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai suna nan, kuma yara da yawa da aka haifa kusa da su ba su taɓa shiga ba. Ranar kyauta guda a mako ga yara a watan Agusta ba za ta karya asusun kowace hukuma ba.

Mafi sauƙin aiwatarwa yana hannun shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Firamaren gwamnati da dama suna da fili da katanga da ƙofa, kuma ana garƙame su mako shida yaran unguwar suna wasa a bakin kwata. Mai unguwa da limami da ƙungiyar iyaye suna iya neman izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a buɗe filin awa biyu da hantsi, kwana uku a mako, iyaye biyu ko uku suna tsaye bi da bi. Malamai kuma, maimakon su haɗa ɗan aji biyu da shafi arba'in na aikin gida wanda yayarsa za ta cike masa daren komawa, su ba shi aiki uku da zai iya da kansa: ya shuka wani abu ya zo da labarinsa, ya koyo tatsuniya ɗaya daga bakin wani tsoho, ya koyi aikin hannu guda da zai nuna wa 'yan ajinsu. Makon farko na sabon zango dama yakan tafi a shara da jiran waɗanda ba su dawo ba, sai a yi amfani da shi a saurari abin da kowane yaro ya zo da shi.